A Dawo da Sada a Littafi na Biyu

"Ba da goron gidan nan ba, Haladu. In ka ga an kai goron Sadisu ƙofar gidan yarinyar nan, to an riga an kai ni kushewa."

Adda Kubura ce ta faɗi haka da hantsi, tana zaune a bakin gadonta a Mawashi. Ta sa ƙafa ta tura ƙwaryar goron ƙarƙashin gado, ta saki zanen gadon ya rufe.

Kofur Haladu ya tsaya a bakin ƙofa ya dogara da sandarsa.

Duk ƙasar Kusada babu wanda bai san Kofur Haladu ba. Mutum ne da ya je yaƙin basasa da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa. Harsashi ya shiga cinyarsa, ya duba ya ga ba wurin zama ba ne, ya fita ta baya. Ya ci ɗanyen rogo, ya sha ruwan da ko jaki ba zai kalla ba, ya kwana tsaye cikin laka. Samarin yanzu da ciwon kai ke kwantarwa ba za su gane irin waɗannan mazaje ba. Amma duk wannan a waje ne. A ɗakin yayarsa, Kofur yaro ne da ake aike.

"Adda, tatsuniya ce fa. Labari ne na littafi."

"Tatsuniya ake zuwa wa mutum gaisuwar mutuwa a kanta?"

Gaskiyarta ce.

Sadisu shi ne autan Haladu. Uwarsa ta rasu shina goye, Adda ta kwance shi ta ɗaura a nata bayan. Wadda ta riƙe yaro kuwa ita ke da bakin aurensa, wannan ko liman bai ja. Sadisu ya ga Kamila a Kankiya, malamar makaranta mai rubuta littattafan da mata ke saye a kasuwa, ya ce in ba ita ba sai dai ya tsufa a gwauro. Magana ta yi nisa, an sayi goro, saura a kai.

Sai rediyo ya shiga tsakani.

Akwai wani Sada, ƙanen Adda, wan Haladu. Tare suka shiga soja. Ranar da aka ce a tsallake babban kogi wajen Anaca, kowa da jirgin da aka sa shi. Na Haladu ya juyo da waɗanda suka rage. Na Sada har yau ba wanda ya zo ya ce ga inda ya tsaya. Babu gawa, babu wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. Shekara hamsin da ɗoriya Adda ta hana a yi mashi sadaka. Duk kaka, damin geron farko na Sada ne, a rumbu ake sa shi. Duk rani sai an yaɓe ɗakinsa.

Sadisu, da zaƙin bakin saurayi a wurin zance, ya kwashe wannan duka ya faɗa wa Kamila. Ita kuma ta mai da shi littafi. Ta sauya sunan gari, ta sauya sunan yayar, amma ta bar sunan Sada, ta bar shi bahago, ta bar waƙar da yake yi wa shanun huɗa. Wani gidan rediyo ya ɗauka shina karantawa bayan azahar, lokacin da mata ke sussuka. A ƙarshen littafin mai karatu ya sassauta murya ya ce, Sada ya cika, ruwa ya tafi da shi.

A Mawashi in rediyo ya ce mutum ya mutu, ya mutu. Washegari tsofaffin mata suka taho tun daga Yashe, da tiyar gero da kuka, suna cewa, "Kubura, ya haƙuri? Ashe daɗewa ya yi da rasuwa." Adda ta kore su da muciya.

"Na ji an ce irin littafin nan yana da na biyu," in ji Adda. "Ta dawo da shi. Ta sa ya sauka a tashar Kusada da jakarsa, a karanta a rediyon da aka kashe shi, kowa ya ji. Ran nan ni da kaina zan ɗauki goron nan a ka."

Sadisu, da ke durƙushe a tsakar gida tun ɗazu, ya matso bakin ƙofa. Idanunsa sun yi ja.

"Goggo, littafi ba a kwana ɗaya ake yin shi ba. Baffanta ya ce in Juma'a ta wuce bai ga goronmu ba, na Abdullatif zai karɓa."

"Wane ne kuma Abdullatif?"

"Mai shagon taki na bakin kasuwar Kankiya. Ya daɗe shina bibiya."

"To ta auri mai taki. Shi ba shi da ɗan'uwan da za ta nutsar."

"Goggo, ke kika goye ni."

"Ni na goye ka, shi ya sa ban tsine maka ba da ka kai asirin gidanmu zaure."

Haladu ya buga sandarsa a ƙasa. Ya gaji da maganar nan, ya gaji da fuskar ɗansa da ta rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Tashi ka tada babur. Ni da na kai saƙo cikin ruwan wuta ban taɓa dawowa da shi ba, saƙon yarinya ne zai gagare ni? Kafin azahar Sada ya dawo."

* * *

A zauren gidansu Kamila aka yi mashi shimfiɗa. Sadisu ya tsaya can waje gindin darbejiya, don ɗa ba ya zama inda ubansa ke magana da budurwarsa.

Kamila ta shigo da lulluɓi, ta durƙusa nesa da tabarma.

"Baba, ina kwana? An zo lafiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta fi ta saurayinki ƙwari. Zauna, ɗiyata, magana ce ƙarama."

Ya faɗa mata sharaɗin Adda kamar mai ba da umarnin fareti. Shi a ganinsa abu ne mai sauƙi. Ba da hannunta ta kashe shi ba? Ta sake ɗaukar biro ta ce ashe suma ya yi, wani ya tsamo shi, ya yi aure can, yanzu ya tuno gida.

Kamila ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi mani afuwa. Ba zan iya ba."

"Ba ki iya ba, ko ba ki so?"

"Na yi laifi da na bar sunan. Wannan ko a gaban wa zan amsa. Na ɗauka in na sauya gari ya isa. Amma dawo da shi, a'a."

"Yo ke da kike ƙera mutane daga tawada? Na ji an ce a wani littafinki har aljani ya auri 'yar sarki."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Sai hawaye ya biyo.

"Baba, ka san ubana soja ne."

"Na sani. Sajan Sagir. Allah shi jiƙan shi."

"Kai ka ce Allah shi jiƙan shi. Innata har yau ba ta faɗi haka ba. Tun da aka tura su dajin Barno, jakarsa kaɗai aka kawo mana. Innata ba ta sa sakata a ƙofa. In mota ta tsaya a layin nan sai ta miƙe da ludayi a hannu. Ina aji uku na fara ganin haka, ga shi na girma ina koyar da 'ya'yan wasu, ba ta daina ba. Ta tsufa ba shekarunta ba, Baba. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba."

Haladu ya gyara zama. Cinyar ta fara yi mashi zugi.

"Tun da aka fara karanta littafin nan mata ke kira na. Daga Kafin Soli, daga Katsina, daga inda ban taɓa zuwa ba. Wata mijinta soja, wata ɗanta 'yan daji suka ɗauka a gona. Wata ta ce mani, Malama, da na ji ruwa ya tafi da Sada sai na samu na yi kukan da na kasa yi. To in na sauko da shi a tashar Kusada da jaka, me na ce wa waɗannan? Na ce su koma bakin ƙofa su ci gaba da tsayuwa. Innata ma rediyon nan take ji."

"Kuma yaron can da ke tsaye a rana fa? Ba ki son shi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta iya kiran sunansa a gaban ubansa.

"Baba, in ban son shi da ban kwana ina kuka ba. Baffa kullum sai ya kira ni ya ce Abdullatif mutumin kirki ne. Kuma mutumin kirkin ne, ban da abin faɗa a kansa. Amma ni ba shi nake so ba. Na gaji, Baba. Na gaji da gidan da ake jira, ga shi wanda nake so ma a gidan jira ya tashi."

Sai ga Baffa Bubayero, ƙanen ubanta, ya shigo daga kasuwa da buhu a kafaɗa. Ya dubi tabarma, ya dubi hannun Haladu.

"A'a, Kofur! Sannu da zuwa. Ina goron? Ko shi ma yana bakin kogi ana jiran jirgi?"

"Bubayero, lokacin da nake bakin kogi kai ko wando ba a fara sa maka ba."

"Haka ne. Amma yau ni ke da ɗiya. Juma'a dai na ce." Ya wuce cikin gida shina dariya.

Kamila ta share ido.

"Baba, ka kai ni wurin Goggo. Ni na yi mata ciwon, bai kamata amsar ta zo a bakin wani ba."

Haladu ya san ba a haka. Budurwa ba ta taka gidan su saurayi kafin a ɗaura, balle ba da izinin baffanta ba. Amma ya riga ya ce kafin azahar, kuma ba ya son ya shiga Mawashi hannu biyu.

"Ɗauko takalminki. In Kofur Haladu ne ya ɗauke ki, ba mai buɗe baki a Kankiya."

Ta leƙa ta faɗa wa innarta. Baffa kuwa ba wanda ya faɗa mawa.

* * *

Motar haya ta sauke su a Kusada, Sadisu na biye a babur, suka ƙarasa Mawashi ana kiran azahar. Adda na nan inda aka bar ta.

Kamila ta tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, ta shiga ta durƙusa. Ta gaishe ta har sau biyu, ba a amsa ba.

"Ke ce mai kashe mutane a rediyo?"

"Ni ce, Goggo."

"Kin zo ki dawo da shi?"

"A'a, Goggo. Na zo ki yafe mani sunan da na sa. Amma ba zan dawo da shi ba."

Haladu ya runtse ido a bakin ƙofa. Ya ga kwamandoji sun yi wa soja tsawa har ya saki fitsari, amma bai taɓa jin tsoro irin na shirun da Adda ta yi ba.

Da ta buɗe baki, muryar ba ta faɗa ba ce. Muryar wadda ta yi tafiya mai nisa ce.

"To tunda kin iya kashewa, faɗa mani. A littafin naki wa ya yi mashi wanka?"

Kamila ta ɗago.

"Ba kowa, Goggo. Ruwa ne ya tafi da shi, sai littafin ya ƙare."

"Wa ya sallace shi?"

"Ba kowa."

"Ka ji ko, Haladu?" Hawaye ya gangaro cikin tsagar fuskar Adda, ta juyo ga Kamila. "Kin ɗauka ban san lissafi ba? Kin ɗauka ban san mutum ba ya shekara hamsin a hanyar gida ba? Ni na yi mashi wankan farko da Inna ta haife shi, ina 'yar mitsitsiya ina riƙe ƙwarya. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan, a ce ɗan Musulmi, ɗan gidanmu, yana cikin ruwa kifi na ci, ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa. Gara in ce shina raye. Sai ke kika zo kika jefa shi a ruwan a gaban duniya, kika rufe littafinki kika tafi cin tuwo."

Kamila ta fashe da kuka. Ta rarrafa har ta dafa ƙafar tsohuwar.

"Goggo, ban yi tunanin nan ba. Wallahi ban yi ba."

"Yara ba ku tunani."

"In kin yarda, akwai na biyu. Ba zan tashe shi ba. Amma ba zan bar shi a ruwa ba."

Adda ta dube ta da idon da yanar tsufa ta fara rufewa.

"Faɗi in ji. Yanzu. Ban da ran jiran rediyo."

Kamila ta share fuska da gefen mayafi. Ta fara a hankali.

"Da gari ya waye, can ƙasa da inda aka yi faɗan, akwai wasu masunta, mutanen Yawuri ne da suka je ci-rani. Suka ga mutum ya sarƙe a cikin ciyawar bakin ruwa. Suka jawo shi. Babbansu ya ga laya a damtsensa na dama, ya ce, wannan namu ne."

"Na hagu," in ji Adda. "Bahago ne. Jar fata ce, ni na kai wa baduku."

"A damtsensa na hagu, jar fata. Suka ɗauke shi su huɗu."

"Su huɗu ba za su iya ba. Sada ƙato ne."

"Su shida. Suka ɗebo ruwa mai kyau, ba na kogin ba, na rijiya. Babban nasu ya yi mashi wanka da hannunsa, ya fara da dama."

"Likkafani fa? A daji ina za su samu?"

"Tsohon yana da farin yadi da ya ajiye wa kansa a ƙasan jaka, don ya san shi ma matafiyi ne. Ya fiddo ya ce a sa wa baƙo."

Adda ta gyaɗa kai. "Allah shi biya shi. Sun yi sahu?"

"Sahu uku, Goggo. Har da wani mai sayen kifi da ya tsaya."

"An ce ƙasar can duk ruwa ce. Kabari ba ya tsayawa."

Kamila ba ta taɓa zuwa ƙasar ba. Sai aka ji murya daga bakin ƙofa, ta dushe kamar ba ta Kofur ba.

"Akwai tudu. Na gan shi da idona, Adda. Jar ƙasa ce mai ƙarfi, da wata babbar bishiya a kai. Ko damina ruwa bai kai wurin."

"To can suka kai shi," in ji Kamila. "Suka kwantar da shi a kan damansa, fuska gabas. Suka jera itace, suka rufe, suka yayyafa ruwa."

A waje akuya na ta kuka, wata mata na daka a maƙwabta.

Adda ta ɗaga tafin hannuwanta biyu. Leɓenta ya daɗe yana motsi kafin maganar ta fito.

"Allah shi jiƙan Sada."

Haladu ya juya fuska ga bango. Mutumin da aka ɗinke wa cinya ba allurar kashe zafi bai yi uhum ba, yau ga shi yana share hanci da hannun riga.

"Na san ƙirƙira kika yi," in ji Adda. "Ba taɓuwa gare ni ba. Amma tunda bakinki ya kai rediyo, ki kai wannan ma, yadda kika faɗa, kada ki rage masuntan nan ko ɗaya." Ta sunkuya da ƙyar, ta jawo ƙwaryar goron. "Haladu, gobe ka faɗa wa liman a tara mutane. A fiddo geron rumbun nan a yi sadaka. Wannan kuma jibi ka kai Kankiya."

Sadisu, da ke laɓe a bayan ɗaki, ya zube a ƙasa shina godiya, magana na sarƙe mashi.

Sai wayar Kamila ta yi ƙara. Innarta ce. Ta kara a kunne, fuskarta ta sauya tun kafin ta ce komai.

"Baba," ta ce, "Baffa ya ji na taho nan. Ya ce an ɗauki ɗiyarsa ba a tambaye shi ba, an mai da shi ba kowa ba a gidan wansa. Ya ce ya fasa jiran Juma'a. Ya aika wa su Abdullatif su kawo nasu yau, da an sauko daga la'asar."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In aka karɓi goro aka shafa fatiha, magana ta rufe. Ba mai nema a kan neman wani.

Haladu ya dubi inuwar katanga. Ta riga ta fara tsawo. Shi ya jawo wannan da bakinsa, kuma ƙafarsa tun safe take roƙon a bar ta ta huta. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙwaryar daga hannun Adda.

"Sadisu, babur. Ke ɗiyata ki biyo mu a mota."

Hanyar Kusada zuwa Kankiya ba ta taɓa yi wa Kofur tsawo haka ba. Kowane rami sai ya ji shi a tsohon ciwon. Ya rungume ƙwaryar a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe rigar ɗansa, sandarsa ta faɗi a wani kwari bai ce a tsaya ba. Suna shiga gari suka ga mutane na fitowa daga masallatai.

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi. Motoci biyu na tsaye gindin darbejiya. Dattawa sun zauna sun yi da'ira, ga goro da alewa a tsakiya, Baffa Bubayero na gefen liman da sabuwar hula. Liman ya riga ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga nasa.

Haladu bai jira babur ya gama tsayawa ba. Ya diro, ƙafar ta ƙi ɗaukar shi, ya zube a kan gwiwa ɗaya cikin ƙasa. Ƙwaryar dai bai sake ta ba. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya tattaro muryar da rabonsa da ita tun bakin kogi.

"Kada wanda ya shafa!"

Hannuwa suka tsaya a iska, dab da fuskoki. Liman ya juyo ya dubi Baffa Bubayero.